Ƙuduji da tarihin gonakin yammacin Kano

A ƙarshen damina, gonakin dawa da masara na ƙasar Karaye da Rogo kan cika da wani fure ja-ja mai ɗaukar ido. Baƙo zai yaba kyansa. Manomin Kwanyawa kuwa ya san hatsinsa ne aka riga aka sha. Wannan shi ne ƙuduji, ko wuta-wuta, wanda masana tsirrai ke kira Striga hermonthica.

Rayuwarsa ta damina ɗaya ce, amma irinsa, mai ƙanƙanta kamar ƙura, yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma, kuma tsiro guda kan zubar da dubun-dubatarsa. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Daga nan sai ya manne wa saiwar, ya yi makonni yana zuƙar ruwa da abinci a ɓoye. Kafin ya leƙo sarari, dawar ta riga ta tsumbure.

Tsohon abokin gaba ne. J. M. Dalziel ya rubuta sunansa cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. Abin da ya sauya shi ne yadda ake noman ƙasar. A da ana barin gona ta huta, shanun Fulani su kwana a kanta, a kuma juya hatsi da gyaɗa da auduga. Sai a 1966 masu bincike a Amurka suka gano sinadarin da ke tada irin ƙuduji, kuma abin mamaki, daga saiwar auduga suka ciro shi. Auduga takan yaudari irin ya tsiro, amma ba ya iya kama saiwarta, sai ya mutu. Ashe manomin da ya sa auduga bana ya sa dawa baɗi yana share gonarsa ne tun kafin a san sunan maganin.

Daga 1975, shirin raya noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya yaɗa sabon irin masara tare da takin zamani mai rahusa, kuma noman ya bazu zuwa maƙwabta irin su Rogo. Masara ta kawo kuɗi, sai dai ba ta da juriyar dawa a gaban ƙuduji. Muddin taki na da araha, ɓarnar ba ta fito fili sosai ba, domin ƙuduji ya fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Da gwamnati ta janye tallafin taki a 1997, jama'a sun ƙaru, saura ta yi ƙaranci, masaƙun Kaduna da Kano da ke sayen auduga kuma suna ta durƙushewa.

Cibiyar binciken noma ta Samaru da IITA sun fitar da irin masara mai jure ƙuduji, suna kuma ba da shawarar juya hatsi da waken suya, wanda ke yi wa irin irin yaudarar da auduga ke yi. A ganina wannan dabarar kakanni ce aka sake wa riga. Wahalar tana wurin mai gona ɗaya tak, wanda in ya ba waken suya damina guda, sai ya sayi tuwon gidansa a kasuwa.