Daga Takobi Zuwa Wuƙar Fawa

A shekarar 1876 gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi. Sai maƙeran garuruwa irin su Seki suka karkata ga ƙirar wuƙar girki. Har yau maƙerinsu yakan zana sunansa a jikin wuƙa, masu tara kayan tarihi kuma su yi ta rububinta.

Mu ma an yi irin wannan juyi a ƙasar Gumel. A ƙarni na 19 masarautar Mangawa ta sha gwabzawa da Damagaram da Haɗeja, maƙeran baƙi kuwa su ne masu mashi da kan kibiya. Da Turawa suka karɓi ƙasar a 1903, yaƙi ya kwanta, zuga-zugi da masaba suka koma kan fartanya da lauje da wuƙar mahauta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya wadata, narka tama ta mutu a hankali. Daga baya sifirin tsohuwar mota ya zama abin ƙira, ana gasa shi da gawayin ƙirya.

Ranar Alhamis, a kasuwar Maigatari (garin da sunansa ma kayan maƙera ne), muna sayen wuƙa mu duba kaifinta da ƙotarta, amma ba suna a jikinta. A littattafanmu ma haka muke yi: jarumi ya zare takobi, sarki ya yaba masa, maƙerin da ya kwana gaban wuta ba mu ambace shi ba.