Daga baƙin mai zuwa borin jini: tarihin ƙaiƙayin kare a ƙasar Gumel

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Damagaram da sauran sassan Nijar, kuma ba a rasa kare a bayan garke, yana tafe yana tsayawa yana susa. Ba don shi aka zo kasuwa ba, dillali ma bai san kuɗinsa ba. Amma kusan duk maganin zamani da ya taɓa fatarsa a wannan yanki daga rumfar maganin shanu ya fito.

A da, mafarauta da makiyaya ne ke ajiye kare, sai manomin da ke son mai gadin gona. In kare ya dinga susa har gashi ya zube, sai a ce ƙazuwa ce, a wuce wurin. Wani ya shafa masa toka, wani ya kwaɓa farar wuta da man shanu, wani ya yi masa wanka da ruwan ganyen darbejiya bayan da itacen ya bazu a Arewa zamanin Turawa. Masu farar wuta sun fi kowa dacewa, domin tana kashe 'yan ƙwarin da ke tona fata su yi ƙwai a ciki, waɗanda ido ba ya gani. Da motoci suka yawaita sai aka gano baƙin mai, wanda bakanike ya tsiyaye daga inji. Har yau ana ganin kare an shafe shi baƙi ƙirin tun daga wuya har wutsiya. Yana lashewa, guba tana shiga cikinsa, rana kuma tana gasa shi.

Hukuma ba ta kare take ba. Sashen kula da dabbobi na Turawa, wanda ya fara aiki a Zariya ya koma Vom a 1924, cutar bushiya ce ta hana shi barci, don ita ke share garke, garke kuma shi ke biyan jangali. Kare bai shiga lissafi ba sai ta ƙofar ciwon hauka, shi ma don yana cizon mutane. Saboda haka da magungunan kashe kaska suka iso, mai kare ya ɗiba daga na shanu, wani ma daga na gona. Gamalin, wanda aka kawo don feshin koko a Kudu, ya yi wa karnuka wanka shekara da shekaru kafin yarjejeniyar Stockholm ta sa sinadarinsa cikin haramtattu a 2009. Asuntol ya yi nasa zamani. Mafi muni shi ne fiya-fiya, wanda kan sa kare dalalar da yawu da karkarwa, wani lokaci ya tafi tare da ƙwarin.

Sauyin gaske ya zo a 1981, lokacin da kamfanin Merck ya fitar da Ivomec. Asalin maganin wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan, William Campbell ya gano amfaninta a Amurka, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2015. Malamin dabbobi kan yi wa saniya allura, mai garke ya ce a ɗan taɓa karen ma. Allura biyu ko uku, mako bibbiyu a tsakani, sai ƙazuwar da ta gagari toka da baƙin mai ta kwanta, gashi ya tsiro.

Sai dai akwai karnukan da aka yi wa allurar, aka tsince kaska tas, suka ci gaba da tauna ƙafafunsu cikin dare. A nan ne zancen borin jini ya shigo, wato jiki ya ɗauki abin da ba cuta ba a matsayin abokin gaba. Abin mamaki, a jikin kare aka fara fahimtar wannan al'amari. A 1902 Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, sun yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da nufin jikinsu ya saba, sai allura ta biyu, 'yar kaɗan, ta kashe wasu nan take. A 1941 wani likita a Amurka mai suna Wittich ya ba da labarin karen da ke kamuwa duk shekara in wata ciyawa ta yi fure.

Yau likitocin dabbobi sun san manyan hanyoyi uku na borin jini a jikin kare. Yawun ƙuma shi ne kan gaba: cizo ɗaya ko biyu ya isa kare ya gwaguye gindin wutsiyarsa har jini. Mai gida zai rantse bai ga ƙuma ko ɗaya ba. A taje bayan karen a kan farar takarda mai laima. In baƙin ɗigon da ya zubo ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne a ciki. Akwai kuma na ƙura da furen ciyawa, wanda kan kama tafin ƙafa da hammata da cikin kunne, bushewar fata a hunturu kuma ta ƙara masa ƙarfi. Na abinci ya fi ƙaranci, ba a kuma tabbatar da shi sai an tsare kare a kan abinci sabo iri ɗaya kamar mako takwas, abin da ke da wuya ga karen da ke kewaya mahauta.

A ganina, hatsarin wannan zamani shi ne gaggawa. Ma'aikata da 'yan kasuwa a Gumel da Maigatari sun fara ajiye karnukan Turai don gadi, irin waɗanda borin jini ya fi kamawa, kuma an ji labarin Apoquel, ƙwayar kashe ƙaiƙayi da aka amince da ita a 2013. Wanda bai iya kuɗinta ba sai ya nufi kemis ya sayo deksa. Susa za ta lafa cikin kwana biyu, amma in ƙazuwa ce maganin ya danne garkuwar jiki, ƙwarin su yi ta hayayyafa a ƙarƙashi. A wannan yanki ƙuma da kaska da ƙazuwa ne har yanzu suka fi yawa, su ya kamata a fara kora. Malamin dabbobi da ya san aikinsa kan murza gefen kunnen kare da yatsu biyu. In ƙafar baya ta hau harbin iska, ƙazuwa zai fara zargi, ya kuma tambayi mai karen ko yaran gida ma sun fara susa.