Agogon da ke nuna hanya: tarihin na'urar GPS ta mota da cututtukanta



Da safiyar Lahadi 22 ga Agusta 1999, wasu direbobi a ƙasar Japan sun tayar da motocinsu suka tarar na'urar da ke nuna musu hanya ta rikice. Ta wani allonta ya ɗauke, ta wani kuma ta kasa gane inda motar take. Babu wayar da ta tsinke, babu abin da ya ƙone, ruwa bai shige ta ba. Da za a kai wa mai gyara ya kwance ta, lafiya lau zai same ta. Abin da ya kwanta ciwo shi ne lissafin kwanan wata. Wannan rana ta tona asirin da ya bi na'urar har ƙarshen zamaninta: a ido taswira ce, amma a cikinta agogo ce, kuma wanda bai gane haka ba ba zai iya gyaranta ba.

Tun kafin GPS an yi ta neman yadda mota za ta san inda take. A 1981 kamfanin Honda ya fito da Electro Gyrocator, wadda ke ƙirga nisan da aka ci da kwanar da aka sha, direba kuma ya ɗora takardar taswira mai shara-shara a kan allo da hannunsa. A 1985 kamfanin Etak na Amurka ya zuba taswira a kaset. Dukansu ciwonsu ɗaya: daga inda aka tashi suke lissafi, don haka ƙaramin kuskure kan yi ta taruwa har mota ta koma tana tafiya a cikin gidajen mutane a kan allo. Maganin a lokacin shi ne direba ya tsaya ya sake nuna wa na'ura inda yake.

GPS kuwa kayan sojan Amurka ne, an harba tauraron ɗan adam na farko na tsarin a 1978. Ranar 1 ga Satumba 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya saki hanya ya faɗa sararin Tarayyar Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan haka Shugaba Ronald Reagan ya sanar cewa za a bar farar hula su amfana da tsarin idan ya kammala. An ba su ɗin, amma da ƙulli a ciki. Da gangan ake gurɓata siginar farar hula, kuskurenta ya kai kimanin mita 100. A cikin gari mita 100 ta isa ta sauke ka a layin da ba naka ba. Sai a farkon Mayu 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina gurɓatawar, dare ɗaya kuskuren ya sauko zuwa kimanin mita 10 ko 20. Daga nan kasuwa ta buɗe. Garmin, wanda Gary Burrell da Min Kao suka kafa a 1989, ya riga ya fitar da StreetPilot tun 1998. TomTom na birnin Amsterdam ya biyo da TomTom GO a 2004, Garmin ya mayar da martani da nüvi a 2005. Cikin 'yan shekaru gilashin gaban motocin Turai da Amurka ya cika da ɗan akwatin nan mai magana.

To ina agogo ya shigo? Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Aikin kowane tauraro shi ne ya riƙa shelar inda yake da kuma lokacin da ya yi maganar. Na'urar mota ba ta aika komai sama, sauraro kawai take yi. Tana duba tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Da yake sigina na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren mita 300 a ƙasa. Agogon na'urar mota mai araha ne, ba zai iya wannan tsantseni ba. Shi ya sa take buƙatar taurari huɗu: uku don wuri, na huɗu don gyara agogonta.

Wannan ne ya sa ƙorafin da ya fi yawa a zamaninta shi ne na'ura ta tsaya tana neman sigina. Mutane da dama sun jefar da lafiyayyar na'ura saboda rashin haƙuri. Tauraro a hankali yake magana, ɗigon bayani 50 kacal a daƙiƙa. Bayanin hanyar tauraro ɗaya yana ɗaukar kusan daƙiƙa 30, jadawalin taurarin gaba ɗaya kuwa sai an yi minti 12 da rabi ana sauraro. Na'urar da ta daɗe a kashe, ko aka kai ta wata ƙasa tana kashe, sai ta sake karɓar karatun daga farko. Saboda haka maganin farko da masu gyara suka gada ba ya buƙatar sukundireba: a fito da ita fili inda babu rufi, babu dogon gini, a kunna, a bar ta minti 15 ba a motsa ta ba. Idan ta kama a waje amma ta ƙi a cikin mota, sai a tuhumi gilashi, domin wasu motocin gilashin gabansu na da siririn shafen ƙarfe na kare zafi da ke tare sigina. Irin wannan sai a jona mata eriyar waje.

Sauran cututtukan na jiki ne, kuma yawancinsu mazauninta ne ya jawo su. An maƙala ta a gilashi, wurin da rana ta fi duka a duk motar. Zafi kan cinye batirin lithiyam, wani lokaci ya kumbura har ya ɗago allo. Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a matsa shi, canja shi ake yi. Mutuwar batir ma kan koma matsalar lokaci, domin a na'urori da yawa idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya sai ta manta ƙarfe nawa, ta manta inda ta kwana, kullum da safe sai ta faro nema daga tushe. Wadda ta ƙi kunnuwa sam, mai gyaran kirki ba ya gaggawar buɗe ta. Yakan fara da ɗan fis ɗin da ke bakin cajar da ake sokawa a ramin kunna sigari, sannan kebul, sannan bakin caji na jikinta wanda yawan zarewa da sokawa kan girgiɗe. Wadda ta daskare a kan tambarin kamfani, a tsofaffin akwai ɗan rami da ake soka tsinke, a TomTom na baya kuma a danne maɓallin kunnawa har sai an ji ƙarar ganga. Da taswirori suka yi ta ƙiba suka fi ƙarfin cikinta, sai katin memori ya zama magani.

Duk waɗannan mai gyara na iya musu. Inda hannunsa ke gazawa shi ne ciwon Japan da muka fara da shi. GPS ba ta san wata ko shekara ba, makonni take ƙirgawa tun daga 6 ga Janairu 1980. Waɗanda suka tsara saƙon sun ware wa lambar mako gurabe goma ne kacal na sifiri ko ɗaya, wato ƙirga daga 0 zuwa 1,023. Idan mako 1,024 ya cika, wajen shekara 19 da wata bakwai ke nan, sai lambar ta koma sifiri, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta juyo. Na'urar da ba a shirya mata wannan rana ba sai ta ɗauka an koma 1980. Wata ta tsaya a nuna kwanan wata na ƙarya, wata ta je neman taurari inda ba sa nan.

Tsugune ba ta ƙare ba. Daga 31 ga Maris 2012 wasu na'urorin TomTom suka daina gane wuri, kamfanin ya ce kuskuren lissafin shekara mai kwana 366 ne a cikin manhajar da ke karɓar sigina. Maganin shi ne a jona ta da kwamfuta a sauke gyara. Ranar 6 ga Afrilu 2019 makonnin GPS suka sake juyowa. Sababbin na'urori suka wuce lafiya, wasu suka buƙaci sabunta manhaja, tsofaffi da yawa kuwa babu wanda ya rubuta musu gyara. Suna iya nuna hanya, amma agogonsu da lokacin isowa sun tashi aiki. Wasu masu ƙira ma ɗage ranar kawai suka yi, shi ya sa a 1 ga Janairu 2022 agogon na'urar wasu motocin Honda ya koma 2002.

Kafin lokacin kasuwar ta riga ta karye. A Oktoba 2009 Google ya sanar da nuna hanya kyauta a wayoyin Android, a ranar hannun jarin Garmin da TomTom suka faɗi warwas. Kamfanin da cinikinsa ya ja baya ba ya ɓata kuɗi a kan kayan da ya sayar shekara goma da suka wuce. A farkon 2018 TomTom ya sanar da daina sabunta taswirar wasu tsofaffin na'urorinsa, ya ce cikinsu ya yi wa sababbin taswirori kaɗan. A nan mutane da yawa suka fara sanin cewa alkawarin taswira har tsawon rayuwa ba rayuwar mai na'ura ake nufi ba, ba kuma ranar da na'urar ta mutu ba. Ana nufin tsawon lokacin da kamfani ya ga zai ci gaba da kula da ita.

Ragowarsu kan iso mana nan a cikin motocin Beljiyam. A kunna, bayan dogon nema ta kama taurari, sai ka ga kibiya tana yawo a farin fili babu titi ko ɗaya, a ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau: ta san inda take, taswirar Jamus ko Faransa ce a cikinta. Masu Garmin sun fi sa'a, domin ana iya zuba musu taswirar OpenStreetMap a katin memori. Wannan taswira ce ta sa-kai da Steve Coast ya faro a Birtaniya a 2004, jama'a ke zana ta da kansu. Na'urori da dama da kamfani ya juya wa baya da ita suke tafiya har yau.

Batir, fis, allo da bakin caji duk ana samunsu a kasuwa, kuma mai hannu zai canja su. Manhajar da ke ƙirga makonni kuwa tana kulle, makullinta na wurin wanda ya ƙera, shi ke yanke ranar da gyara ya ƙare. Sabon saƙon GPS an ba shi gurabe 13, zai yi kimanin shekara 157 kafin ya juyo. Tsohon saƙon da miliyoyin na'urori ke saurare kuwa zai sake komawa sifiri a Nuwamba 2038. Wanda ke da irin wannan na'ura a ajiye, ya fito da ita tsakar gida ya ba ta minti 15, sannan ya duba shekarar da take nunawa.