Bayanau da I'irabi a Harshen Istoniya

Duk wanda ya durƙusa gaban malamin nahawun Larabci har ya gane cewa zarfi da hali sunaye ne da aka yi wa nasabu, ba zai sha wuya ba wajen fahimtar yadda mutanen Istoniya, waɗanda masu jin harshensu suka ɗan haura miliyan ɗaya a gaɓar tekun Baltik, suke ƙera bayanau, domin a ra'ayina akasarin bayanansu i'irabi ne da ya daskare, har aka manta asalinsa.

Suna a wannan harshe yana da halaye 14 na i'irabi, kuma ɗafa-ƙeyar da ta fi kowace haifar bayanau, wato -lt, ita ce dai alamar halin da ke nuna tasowa daga kan abu, kamar laualt, daga kan tebur. Akan ɗauki siffa, a juya ta zuwa sigar mallaka, kana a liƙa mata alamar: vaikne, mai shiru, ta koma vaikse, sannan vaikselt, cikin shiru. Abokiyar aikinta -sti tafarkin nan take bi, sai dai ɗalibi ya kula da sauyin baƙi, domin halb, mummuna, sai ta zama halva kafin a sami halvasti. Amma hästi, da kyau, daga hea, shazzi ce, haddace ta ake yi. Wani lokaci su biyun sukan haɗu a kan siffa guda, a ce kiirelt ko kiiresti, duka da sauri.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin zarfin wuri, inda bayanau ke zuwa uku-uku daidai da yadda suna ke rarrabe zuwa, zama da tasowa: siia, zuwa nan, siin, a nan, siit, daga nan, haka kuma alla, all, alt game da ƙarƙashi.

Mai jayayya zai ce hommikuti, kowace safiya, da põlvili, a durƙushe, da kahekesi, su biyu tare, ba su cikin halayen nan 14, kuma na sallama masa wannan. Amma -tsi ta käsitsi, da hannu, da meritsi, ta hanyar teku, 'yar'uwar -tse ce ta harshen Finlan, wadda har yau wasu malaman nahawunsa ke ambata a gefen babin i'irabi.