Yadda Indiyawa Suka Shigar da Harsunansu Cikin Kwamfuta ta Hanyar Haruffan Boko

Kundin tsarin mulkin Indiya ya lissafa harsuna 22, kuma akasarinsu ana rubuta su ne da tsare-tsaren rubutu da suka samo asali daga tsohon rubutun Brahmi. Hindi da Marathi da Sanskrit suna amfani da Devanagari. Bengali da Tamil da Telugu da Kannada kowanne da nasa. Kwamfuta kuwa ta iso musu ne da madannai waɗanda aka tsara domin haruffan Ingilishi 26.

Wahalar ba ta yawan haruffa kaɗai ba ce. A Devanagari kowane baƙi yana ɗauke da wasalin "a" a cikinsa, sai an sa wata alama kafin a kashe shi. Idan baƙaƙe biyu ko uku suka haɗu ba wasali a tsakaninsu, sukan narke su zama siffa guda. Alamar gajeren wasalin "i" kuma a gaban baƙi ake rubuta ta, alhali bayansa ake furta ta. Keken rubutu ya bi da wannan ta hanyar buga guntayen siffofi ɗaya bayan ɗaya yadda ido yake ganin su, kuma zanen haruffa na farko a kwamfuta, irin su Kruti Dev, wannan dabara suka gada. Abin da ke kan allo Hindi ne, amma abin da na'urar ta adana haruffan Ingilishi ne da aka sauya wa kama. Wanda aka aika wa takarda, in ba shi da irin wannan zane, shirme kawai zai gani.

Gwamnati ta tunkari matsalar daga tushe. A shekarun 1980 aka tsara ISCII, wanda ya bai wa kowane sauti lamba guda da za ta yi aiki a rubuce-rubucen da suka fito daga Brahmi, aka kuma amince da shi a matsayin ma'aunin ƙasa a 1991. Tare da shi aka samar da jerin madannai na InScript: wasula a hannun hagu, baƙaƙe a dama. Tsari ne mai ma'ana ƙwarai, kuma a kan ISCII aka gina sashen Devanagari na Unicode. Sai dai InScript yana bukatar horo, ga shi madannan da ake sayarwa a kasuwa haruffan boko ne a jikinsu. Jama'a ba su rungume shi yadda aka yi fata ba.

Hanyar da ta karɓu daga wani ɓangare ta ɓullo. Masana Sanskrit na Turai sun daɗe suna rubuta harshen da boko mai ɗige-ɗige, bisa tsarin da aka daidaita a taron Janeba na 1894. Da yake kwamfutocin farko ba su san waɗannan ɗige-ɗige ba, sai aka koma amfani da manyan haruffa da ninka harafi. A farkon shekarun 1990 Avinash Chopde ya fitar da ITRANS: mutum ya rubuta da boko bisa ƙa'ida, manhaja ta juya shi zuwa Devanagari. Dogon wasali "aa" ne ko "A". Ƙaramin "t" shi ne wanda harshe ke taɓa haƙori, babban "T" kuwa wanda harshe ke lanƙwashewa baya. Wani abin lura shi ne, cikin ayyukan da suka yaɗa ITRANS har da tattara baitocin waƙoƙin finafinan Indiya da 'yan ƙasar mazauna waje suka yi, irin waƙoƙin da Kano ma ta san su sarai.

Daga nan sai kowane harshe ya samu nasa gwani. Baraha ta fito domin Kannada a 1998, Azhagi domin Tamil a 2000. A maƙwabciyar ƙasa Bangladesh, wani ɗalibin likitanci, Mehdi Hasan Khan, ya saki Avro kyauta a 2003, ta ƙalubalanci Bijoy wadda ta mamaye buga Bengali tun 1988.

Duk waɗannan suna bukatar marubuci ya san ƙa'ida. Sauyin da ya biyo baya, wanda Quillpad da kuma Google suka kawo wajen 2006 zuwa 2007, shi ne manhajar ta riƙa hasashe daga tarin kalmomin da ta sani. Ɗalibin Hausa zai gane muhimmancin wannan nan take. Bokonmu ba ya nuna tsawon wasali, don haka "gari" na iya zama birni ko abin tuwo, sai jimla ta raba gardama. A Hindi "kam" na nufin kaɗan, "kaam" kuma aiki, kuma Devanagari dole ne ya bambanta su. Mai rubutu cikin gaggawa yakan buga "kam" ga duka biyun, manhaja ta jero masa zaɓi.

A ganina sauƙin nan yana da farashi. Manomi ko tsohuwa da ta iya karanta Devanagari amma ba ta yi boko ba, wannan hanya ba ta buɗe mata ƙofa ba, domin sai ta san haruffan wani harshe kafin ta rubuta nata. Kalmar karkara da ba ta cikin rumbun manhaja kuma takan sha gyara zuwa ta birni. Da yawa daga cikin matasa ma sun daina juyawar gaba ɗaya, suna aika saƙonnin Hindi da boko tsantsa, kamar yadda namu suke rubuta "kasa" ga ƙasa da kasa saboda neman ƙ a waya yana cin lokaci. Wayoyin zamani sun ɗan rage wa wadda ba ta yi boko ba wannan shinge, tunda madannan kan allo suna iya nuna Devanagari kai tsaye, ana kuma iya yin magana waya ta rubuta. A wasu jihohin arewacin Indiya kuwa, har yanzu ana gwada masu neman aikin akawu da jerin madannan Remington na zamanin keken rubutu.