Hawan jini da zuciyar mace: daga goyon ciki zuwa manyanta

Hawan jini shi ne yanayin da ƙarfin gudun jini a cikin jijiyoyi ya wuce kima, kuma ya daɗe a haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan awonsa ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku biyu mabambanta. Sau da yawa ba ya nuna wata alama, alhali yana tilasta wa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta, har naman jikinta ya yi kauri, daga baya ta gaza. Shi ne kuma kan gaba wajen haddasa shanyewar ɓarin jiki, yana kuma lalata ƙoda.

Ga mace, haɗarin yana bin matakan rayuwarta.

Lokacin goyon ciki

Akwai hawan jinin da ke tasowa bayan ciki ya kai mako 20. Alamominsa sun haɗa da matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. Idan aka yi sakaci yakan kai ga jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, tana kuma cikin manyan sanadin mutuwar masu juna biyu a Nijeriya. Ko da jinin ya sauka bayan haihuwa, wadda ta taɓa fama da shi ta fi sauran mata yiwuwar kamuwa da ciwon zuciya a gaba. Saboda haka bai kamata awo ya ƙare da awon ciki ba.

Lokacin jego

A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawaitar gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma alaƙanta ta da wankan ruwan zafi, kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta, da yawan shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan ya ƙara nuna rawar da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki ke takawa. Kanwa dai tana ɗauke da sinadarin sodiyam kamar gishiri. Mai jegon da ke haki, ko ta kasa kwanciya rigingine, ko ƙafafunta suka kumbura, asibiti take buƙata cikin gaggawa.

Bayan ɗaukewar al'ada

Idan jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin istirojin yakan ragu, jijiyoyi su yi tauri, awon jini ya hau. Bugun zuciya ma kan zo wa mace da sigar da ke ruɗarwa: kasala mai tsanani, tashin zuciya, ciwon baya ko na muƙamuƙi, wani lokaci ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba.

Kariya

Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen girki. Tafiyar ƙafa, rage ƙiba da cin ganye suna taimakawa. Mace ta auna jininta kafin ta fara shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, domin wasunsu kan ɗaga shi. Mai shan maganin hawan jini da ke shirin ɗaukar ciki ta sanar da likita, saboda wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi. Kada kuma a daina magani don an ji sauƙi: saukar awon alama ce ta cewa maganin yana aiki.