Jirgin da bai iso Gaya ba, da muryar da ke ɓoye cikin waya

Kwanakin baya ina koyar da darasin maganaɗisu, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, abin da ido bai gani ba, kunne bai ji ba, ta yaya za mu yarda akwai shi?" Ba ni da kayan gwaji a aji, alli kawai. Tambayarta ce ta sa na bi sawun wannan tarihi.

A 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya sauya kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan gudana a cikinta. Jirgin ƙasa mai aiki da lantarki yana baza irin wannan ƙarfi duk inda ya bi, daga wayoyinsa da injinsa.

Tun da wuri jirgin ƙasa ya ja hankalin masu fasaha. A 1896 'yan'uwan nan Lumière na Faransa suka nuna fim ɗin jirgi yana shiga tashar La Ciotat. A 1948 Pierre Schaeffer ya naɗi ƙarar jirage a Batignolles da ke Paris, ya harhaɗa ta ta zama kiɗa. Su biyun sun ɗauki abin da kowa ke gani ko yake ji ne. Christina Kubisch, Bajamushiya haifaffiyar Bremen, ita ta nemi wanda ba a ji. A 2004, a birnin Kolon, ta riƙa ba mutane abin sawa a kunne mai naɗin waya a ciki, su zaga gari da shi. Tashar jirgi da injin cire kuɗi da ƙofar tsaron kanti, kowanne sai ga shi da muryarsa: wani gurnani, wani fito, wani kamar kiɗan kalangu. Idan aka tura wannan sauti cikin kwamfuta, ana iya mai da shi zane mai motsi a allo.

To mu nan Gaya fa? Dogon da ya taso daga Kwatano ya isa Parakou a 1936, ya tsaya cak. A 1959 Dahomey da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta sufuri, amma kaya a Parakou ake sauke su, manyan motoci su haye gadar Malanville da su. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai, aka ƙaddamar da kimanin kilomita 140 zuwa Dosso a Janairun 2016. Shari'a ta taso a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin, dogo bai ƙaraso Gaya ba. Legas kuwa ta buɗe layinta na lantarki a 2023.

Kakanninmu sun jira jirgi, iyayenmu sun jira. Na ga bai kamata darasin yaranmu shi ma ya shiga layin jira ba. Washegari na zo da ƙaramar rediyo, na kai ta matsakaicin zango inda babu tasha, na matsa da ita kusa da cajar waya, sannan kusa da injin sola na maƙwabta. Kowanne ya yi kukansa daban. Na ce kowane yaro ya zana abin da ya ji. Yarinyar nan ta zana layi mai haƙora kamar zarto, ta ce, "Malam, ashe yana nan." An ce gani ya kori ji, amma ranar ji ne ya kawo gani.

'Yan'uwana malamai, ku gwada wannan. Iyaye, ku ara wa yara tsohuwar rediyon gida, ku zauna tare da su. Sharaɗi ɗaya ne: kada yaro ya kusanci taransifoma ko manyan wayoyin wuta, kada ya taɓa waya tsirara.